Jitar Gwanjo

A gwanjon Tudun Wada na same ta, nan Gusau,
jingine tsakanin fanka mai karyayyen wuya da dutsen guga.
Ja ce, amma jan ya koɗe kamar zanen da aka manta a igiya.
Mai kaya ya ce talatin. Na juya zan tafi.
Muka daidaita a sha tara, ya yi mini gyara da maratayi
wanda ɓera ya riga ni ɗanɗanawa.

Na kai gida na jona.
Ba kiɗa ta yi ba, gurnani ta yi,
irin na injin markaɗe in ya haɗiyi tsakuwa.
Gwamma ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu,
ta ce, "Yaya, me aka yanka?"

Kunnuwanta na fara kwancewa, su shida,
masu sakin tsirkiya tun ban kai baiti na biyu ba.
Sababbi suka iso daga Legas a motar dare,
a naɗe cikin salatif kamar laya.
Ramukan suka yi musu kaɗan.
Na zauna da magagari daga la'asar har kiran sallah,
garin katako a cinyata, a gemu, har cikin shayi.

Matashin tsirkiya na roba ne, ya tsage.
Na je mahauta wurin Nomau na roƙi ƙashin ƙwauri.
Ya ce, "Miya za a yi?" Na ce, "Kiɗi."
Ya dube ni ya daɗe, ya miƙo, bai karɓi ko sisi ba.
Na dafa, na shanya, na goge kwana uku,
na tsaga masa hanyoyi shida.
Ta huɗu ta yi zurfi. Na koma wurin Nomau.

Jakin ya yi tsatsa, na sake shi.
Maganaɗisu uku masu sauraren tsirkiya,
na baya kurma ne,
na sayar da wayata na sayo wani mai ji.

Duk da haka gurnanin nan yana nan,
kamar baƙon da aka yi wa rakiya ya dawo neman takalmi.

Sai Malam Bagudu, mai gyaran rediyo a Sabon Gari,
ya buɗe cikinta, ya tura tabarau bisa goshi,
hayaƙin dalma yana hawa tsakaninmu.
Ya ɗago wata baƙar waya siririya da bakin sukudireba.
"Ta ƙasa ta tsinke, yaro.
Abin da bai taɓa ƙasa ba, kuka shika yi."
Ɗigo ɗaya. Naira ɗari uku.

A bayan murfin da ya cire muka ga rubutun fensir:
Istifanus, Zuru.
Ban san shi ba. Amma a bayan wuyan jitar
akwai gurbin da babban yatsansa ya cinye fenti,
nawa ya faɗa ciki daidai, kamar ƙafa a tsohon silifa.
Na sayi fenti, gwangwanin yana nan ban buɗe ba.

Gwamma ta yi lissafi a bayan kalanda:
saba'in da huɗu, ban da kuɗin mashin.
Ta ce, "Da tinkiya ka saya, da yanzu ta haihu."

Wuta ta zo ƙarfe biyun dare.
Na jona, na rage murya don makwabta.
Shiru.
Shirun da na yi wata biyar ina saye.
Na taɓa tsirkiya, ta amsa tas,
kamar an jefa kwabo a tasa.

Sai na kama waƙar da nake ɗora wa jitar laifinta,
na kai daidai inda nake tuntuɓe,
na yi tuntuɓe.
Yanzu ba gurnanin da zai rufa mini asiri,
kowane kuskure ya fito da farin kayansa.

Na dubi yatsuna huɗu a kan wuyanta.
Waɗannan ba sa zuwa a motar dare.
Na koma baitin farko.